Kifin da Na Sa wa Inna a Miya

Mahaifiyata ba ta cin kifi. Ba irin rashin son da wani yake yi wa kabewa ko yalo ba, wannan ƙyama ce ta gado. Mu Fulani ne na wani ƙauye a bayan Kafur, irin waɗanda Fillancin ya gudu daga baki ya bar mu da dogon hanci da taurin kai. Ni dai ban iya komai a cikinsa ba sai gaisuwa. Amma Inna, ko da Hausa take magana, cikinta na Fulani ne. A wurinta abinci shi ne fura da nono, da tuwon dawa da man shanu, sai nama in an yi yanka. Kifi kuwa tsutsar ruwa take ce masa. Ta tashi ta tarar ana cewa kifi da nono ba sa zama a ciki ɗaya, wanda ya haɗa su kuturta za ta fito masa. Tunda ita ba ta iya wuni ba ta sha nono ba, maganar kifi ta mutu a wurinta tun tana yarinya. Ranar kasuwa in muka bi ta layin masu bandar kifi, sai ta ja bakin mayafi ta toshe hanci ta ƙara sauri.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke wannan" take ce mini, ni kuma in amsa. Aure ya kawo ni Funtua gidan wani malamin makaranta, a nan na koyi cin kifi, har na zama in an kwana uku ban soya ba yara su fara tambaya. Inna ta sani, ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Abin da take yi kawai, in za ta zo mini kwana biyu, sai ta taho da kwanonta da ludayinta a ƙulle cikin zane. Ni kuma ina da wata ƙaramar tukunya da na ware, kowa a gidan ya san tukunyar Inna ce, ko cokalin da ya taɓa kifi ba ya shiga cikinta. Shekara da shekaru muna haka, babu wadda ta shiga gonar wata.

Sai ɓarayin daji suka kore shanun gidanmu. Lokacin mahaifinmu ya riga ya rasu, ƙanena ne yake riƙe da gidan. Ba zan tsaya ba da labarin ranar ba, duk wanda yake yankinmu ya san irinta. An bar su da 'yan awaki da gona. Nonon da ake zubar wa maƙwabta kyauta ya koma sai an saya, kuma Inna ta ce na saye ruwa ne. Ga haƙoranta sun zube, nama ko an samu ba ta iya tauna shi. Wake yana kumbura mata ciki. Ƙwai kuma ta ce na yara ne. Ta koma daga koko sai tuwo da miyar kuka tsura. Da na je gaishe ta bayan sallar layya na same ta zaune a bakin ƙofar ɗaki, wuya ya yi tsawo, ƙafafu sun kumbura sun yi sumul, in ta yi magana sai ta tsaya ta huta. Na yi wa ƙanena tas a tsakar gida, na ce shi makaho ne da bai ga tsohuwa tana ƙarewa ba? A ranar na ɗauko ta zuwa Funtua.

Likitar da ta duba ta wata mata ce gajeruwa mai gilashi. Ta ce jinin Inna ya hau, kuma a lokaci guda ya yi ƙaranci, zuciyar ma ta gaji. Ta rubuta magunguna. Ta ce a rage gishiri da kanwa da man shanu. Sannan ta sa Inna ta fita ta jira a benci, ta juyo gare ni.

"Hajiya, magani kaɗai ba zai tashe ta ba. Tsohuwar nan yunwa ce a jikinta, ko da cikinta a cike yake. Me take ci mai gina jiki?"

Na lissafa mata abin da Inna ba ta ci. Ta ce, "To kifi fa?"

Na yi dariya. Na ce, "Likita, Bafulatana ce."

Ba ta yi dariyar ba. Ta ce in nemi kifin ƙanƙara, wanda ake kamowa a teku, musamman mai ratsi-ratsin nan a baya da ake ce wa taitus, ko shawa. Ta ce tarwaɗar da ake kiwo a kandami ma abinci ce mai kyau, amma na teku yana da wani mai a jikinsa wanda ba irin kitsen nama ba ne, yana taimakon zuciya da jijiyoyin jini maimakon ya toshe su. Ta ce tsokarsa tana gina jiki kamar nama, ga ta da laushi, marar haƙori zai ci, ciki kuma ba ya wahala wajen narkar da ita. Yana taimakawa wajen ƙarin jini, yana da sinadarin da ke hana maƙoƙo. Ta ce kada in soya shi ƙarau, in dafa, kuma in tabbata ban sayi wanda ya narke aka sake daskarar da shi ba. Ta cire gilashin ta ce, "Ki lallashe ta. Ki yi mata bayani a hankali."

Na ce to. Amma tun kafin mu hau a-daidaita na riga na san ba bayanin da zan yi. Na san uwata. In na ce mata kifi, za ta ɗaure kwanonta ta nemi hanyar tasha.

Washegari na tafi shagon masu kifin ƙanƙara a bakin kasuwa, na tsaya aka fasa sabon kwali a gabana, na zaɓi biyu masu tauri, idonsu garau. Ban kawo su gida ba, gidan maƙwabciyata na shiga, don kada ƙarni ya kai hancin Inna. Na wanke su da lemon tsami, na ɗauraye, na sake wankewa. Na dafa da citta da tafarnuwa da masoro. Na saɓule fatar, na cire baƙin naman nan na gefe mai ƙarfin wari. Sannan na zauna a rana da faranti a cinya ina bin tsokar da yatsu ina tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Na daka a turmi har ya yi laushi kamar dambu, na kawo gida a rufe, na zuba a miyar kuka, na danna daddawa. A cikin tukunyar Inna na zuba shi.

Maigidana ya gan ni. Ya ce, "Anya kuwa? Gara ki gaya mata gaskiya, in ta ƙi mu nemi wata hanya."

Na ce, "Malam, wace hanyar? Uwarka ce ko uwata? Ka bar ni in ji da abin da ya dame ni." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Na kai mata tuwon masara mai laushi da miyar a kwanonta. Ta yi bismilla, ta kai loma ɗaya, ta biyu, sai ta tsaya.

"Ke wannan, me kika sa a miyar nan?"

"Kaza ce, Inna. Na daka miki ita saboda haƙori."

Ta sunsuna. "Ina jin wani ƙarni-ƙarni."

"Daddawar ce sabuwa. Wallahi Inna babu kifi a ciki."

Ba ta ce in rantse ba. Ba ta ma ambaci kifi ba. Ni na kawo shi da bakina, na ɗora sunan Allah a kai. Tana jin haka ta saki jiki ta cinye tuwon tas, har ta suɗe kwano. Da na fito, Malam yana tsaye a bakin madafa, ashe ya ji. Na ce masa kada ya dame ni, zan yi azumi uku. Ya ce irin wannan rantsuwar, ta wanda ya san ƙarya yake yi, ba ta da kaffara, sai dai tuba, kuma tuba ba ta yiwuwa mutum yana kan abin. Na ce na ji, Allah ya san niyyata. Bayan kwana biyu na koma shagon masu kifi.

Wata huɗu na yi ina wannan aiki, sau uku a mako. Kuma jama'a, Inna ta tashi! Ba zan ce kifin ne kaɗai ba, tana shan magungunanta a kan lokaci, na kuma hana ta kanwa. Amma ni da idona na gani. Kumburin ƙafa ya saɓe. Kumatu suka fara dawowa. Matar da take salla a zaune ta koma tana yi a tsaye. Ta fara karɓe tsintsiya daga hannun yara tana cewa ba su iya shara ba. Ranar da ta bi ni madafa tana yi mini faɗa wai na cika ɓarnar itace, sai da na juya baya na share hawaye don daɗi. Da muka koma asibiti likitar ta duba idonta da tafin hannunta ta ce madalla, ta tambaye ni ko ta yarda da kifin. Na ce ta yarda. Kullum da hantsi kuma ina dama mata fura da nonon da nake saye wajen wata 'yar ruga, tana sha tana kushewa. In maƙwabta sun shigo gaishe ta sai ta ce, "Kazar birni ce ta karɓe ni." Ni kuwa ina gefe ina jin kaina wata gwana.

Ranar wata Laraba ce da azahar. Ina sauri a ranar, an yi haihuwa a dangin Malam, na tsince kifin a tsaitsaye. Na kai mata abinci na zauna ina ɗaura ɗankwali. Sai na ga ta daina tauna. Ta sa yatsu biyu a baki ta zaro wani abu daga dasashi, ta ɗora a tafin hannu, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. 'Yar ƙaya ce, siririya, ba ta kai tsawon farce ba. Ta daɗe tana kallonta.

"Kaza ba ta da wannan," in ji ta.

A nan ne ya kamata in durƙusa. Da na faɗi a gabanta na kama ƙafarta na yi kuka na ce tsoron rasa ta ne ya sa ni, wataƙila da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma ni ce, in na ji kunya sai ta juye mini ta zama faɗa. Na miƙe tsaye a kan uwata.

Na ce, "E, kifi ne! Kifi ne, Inna, wata huɗu kina cin sa! Shi ya tashe ki, da yanzu ana ta zaman makoki. Wata huɗu kina cin kifi kina shan nono a kai, ina kuturtar? Nuna mini! Duba hannunki!" Ta duba hannun kuwa. Ni kuma bakina bai tsaya ba. "Kullum nono, nono, mu Fulani, mu Fulani. Ina shanun? Ina nonon? An kore su, sun tafi! Mutuwa za ki yi saboda shanun da babu su?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ajiye ƙayar a gefen kwano a hankali, ta ce, "Kin rantse mini."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ta tashi ta ɗauki buta ta zaga bayan ɗaki, ina jin ta tana kakarin amai, tana kurkure baki, tana sake kurkurewa. Ba ta ƙara sa komai a bakinta ba a gidana, ko ruwan randa. Ta sa Malam ya kira mata ƙanena a waya. Washegari da safe ya zo. Na tare ƙofa, na ba da haƙuri, Malam ya ba da haƙuri, ta ce ba komai, gida kawai take so. Ta ɗaure kayanta ta bar kwanon da ludayin a inda suke.

Na ɗauka fushi ne na mako ɗaya ko biyu. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne wanda matar ƙanena ta gaya mini da na bi ta bayan kwana goma. Inna ta daina shan nono. Ta ce kifi ya riga ya shiga jininta, wata huɗu ba kwana huɗu ba, in ta ƙara zuba nono a kai abin da ya yi mata jinkiri zai fito. Kowace safiya in ta idar da salla sai ta fito haske ta juya hannuwanta, ta duba tsakanin yatsu, ta duba ƙwauri. Wani ɗan fari da ta gani a gwiwar hannu, wanda tun muna yara yake nan, ta wuni tana murza shi. Kai! Na so in ƙara mata abinci ɗaya, sai ga shi na raba ta da ɗayan da ya rage mata a duniya.

Babu abin da ban yi ba. Kowace Juma'a in hau mota zuwa Malumfashi, in sake wata zuwa Kafur, in hau babur zuwa ƙauye. Na kai kaza da ranta, ƙanena ya yanka a gabanta, na fige a gabanta, na dafa a tsakar gida a tukunyarsu tana kallo. Na kai mata, ta ce, "Allah ya yi albarka. Ki ba yara." Na kai ayaba da lemo, abin da ba a iya ɓoye komai a cikinsa, ta ajiye a gefen tabarma har suka yi baƙi. Na roƙi limamin ƙauyen ya zo ya yi mata bayani cewa abincin teku halal ne, kuma ba shi yake kawo kuturta ba. Ta saurare shi da ladabi har ya gama, ta ce, "Malam, ai ban ce haramun ne ba." Magungunan ma da ƙyar take sha, sai in ƙanena ne ya sayo ya ɓare a gabanta. Tana gaisawa da ni lafiya lau, ta tambayi Malam da yara, ta ce in gaishe su. Abin da hannuna ya taɓa ne dai ba ya shiga bakinta.

Damina ta sauka, ƙafafun suka sake kumbura. Kafin masara ta yi goyo ta koma salla a zaune. Muka kai ta asibiti a Malumfashi aka yi mata ƙarin jini, ta ɗan farfaɗo, aka dawo da ita, ta ci gaba da koko da tuwo loma uku. Ina zaune ina kallon duk naman da na tara mata a jiki yana zubewa, ga maganin abin a kasuwa jibge cikin kwali, na san shi, na san yadda ake dafa shi, ba ni da ikon ba ta.

Har yau ban ce likitar ta yi kuskure ba. Gaskiya ta faɗa, kifin teku abinci ne na gaske, yarana suna ci, ni ce dai na kasa cin sa tun daga lokacin. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin haushin Inna. Ina jin haushinta ƙwarai, mace mai hankali ta zaɓi camfi a kan ranta, ta bar ni da wannan. Wani lokaci ina tuƙa tuwo sai in kama kaina ina yi mata faɗa a zuci. Sai kuma in tuna likitar cewa ta yi in lallashe ta, in yi mata bayani. Ban gwada ba ko sau ɗaya. Na yanke cewa uwata ba za ta gane ba, na mai da ita ƙaramar yarinyar da ake ɓoye wa magani a cikin tuwo. Wataƙila da ta ƙi. Wataƙila kuma da ta ce a kawo ta gwada, ta bar nonon na wata biyu da kanta. Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ana gobe za ta rasu ina wurinta. Bayan la'asar ne, tana kwance a kan katifa an tokare ta da filo. Matar ƙanena ta dama kunu mai ruwa-ruwa ta kawo a kofi, sai aka yi sallama a waje, ta miƙo mini kofin ta ce in riƙe tana zuwa. Muka rage daga ni sai Inna. Na durƙusa a gefen katifar, abin da ya kamata in yi tun ranar Larabar nan. Na ce, "Inna, don Allah ki yafe mini. Rantsuwar da na yi miki, da maganar da na faɗa a kan shanu. Tsoro nake ji kada ki mutu ki bar ni."

Ta buɗe ido. Ta ɗora hannunta a kaina, hannun ba nauyi ko kaɗan. Ta ce, "Na yafe miki duniya da lahira. Na san don ni kika yi. Ni ma ki yafe ni."

Na yi kuka har na kasa numfashi. Da na samu kaina na share fuska da gefen mayafi, zuciyata ta yi sanyi irin wanda na manta da shi. Leɓunanta sun bushe sun tsattsage, tun safe ba ta sha komai ba. Na juya kunun, na ɗebo rabin cokali, na hura, na kai bakinta.

Ta kalli cokalin. Ta kalle ni. Na ga ta yi ƙoƙari, wallahi na gani, leɓen ya motsa. Sai ta rufe baki ta kau da kai kaɗan.

"Bari dai ta dawo," in ji ta, a hankali, kamar mai ba ni haƙuri.

Na mayar da cokalin cikin kofi. Muka zauna muna jira. Da matar ƙanena ta shigo na miƙa mata kofin, na koma ta bayan Inna na tallafo kanta a ƙirjina. Ta buɗe baki, matar ƙanena ta ba ta, ta sha cokali huɗu.